Shaidar Kyaftin Penhallow

"Ni na ce su ja da baya, yallaɓai. Ni ne, ba Garside ba!"

Karo na uku ke nan Kyaftin Penhallow yana faɗa wa Kanar. Gobe da asuba za a harbe Saje Garside, wai ya janye mutanensa daga bakin daga ba da umarni ba. Alhali daga bakin Penhallow umarnin ya fito, ranar da ruwan wutar Jamusawa ya tsinka masa zuciya. Kwana tara ya yi gum, sai yau da takardar hukunci ta iso teburin Kanar Harbottle.

Kanar ya ajiye kofin shayinsa.

"Zauna, ɗana. Ina cikin 'yan kallo ranar da ka buga wa gundumarku wasan kurket. Saura maki ɗaya ka cika ɗari, ƙwallo ta shafi sandarka aka cafe, a doka an fitar da kai ke nan. Alƙalin wasa bai gani ba. Kai da kanka ka saɓa sandarka ka fita."

"To ka ga ba na ƙarya! Don Allah, yallaɓai, Garside 'ya'yansa huɗu."

Masu cewa gaskiya dokin ƙarfe ce ba su taɓa shiga ofishin Kanar ba.

"Mai tarbiyya irin taka ba ya gudu a fagen fama. Amma ɗaukar laifin na ƙasa da shi, wannan kam sai ɗan babban gida. Ka burge ni."

Ya sa hannu a takardar, ya ɗago yana murmushi.

"Af, ranar Asabar muna da wasan kurket da sojojin igwa. Kai za ka fara bugu."