Wa Ya Tona Idon Haruna?

Haruna yana cikin goge gilashin Adaidaita Sahu a bakin titin Gyaɗi-Gyaɗi, saƙon murya ya shigo masa ta WhatsApp. Baƙuwar lamba ce. Akwai wani mitsitsin rubutu a saman saƙon, bai wahalar da kansa ba, ya danna ya kara a kunne.

Muryar mace ce, mai sanyi. "Ranka ya daɗe, a daina ɓoyewa. Mun san idon nan yana hazo, musamman in magariba ta kawo kai. Ka zo shagonmu a Tarauni a gwada ka, a ba ka tabarau daidai da idonka."

Tsumman ya suɓuce daga hannunsa.

Duk faɗin Kano, in ka cire Haruna da Mahaliccinsa, babu wanda ya kamata ya san wannan zance. Mutumin da ke cika baki a tasha cewa yana hango fasinja tun fasinjan yana neman takalminsa a Hotoro! Alhali tun bara, da rana ta faɗi sai fitilun motoci su narke masa kamar an zuba man shanu a wuta. Shi ya sa ya ƙirƙiro cewa yana ɗaukar karatu bayan magariba, yake ajiye keke da wuri. Har Malam wasu suka fara kiran sa, yana amsawa da ƙasaita.

Keken kuma ba nasa ba ne. Na Hajiya Husaina ne ta Tarauni, wadda ba ta haɗa dukiyarta da wasa. Ranar da ta ji direbanta ba ya gani sosai, ranar zai koma gida a ƙafa, ya tarar da bakuna shida suna jiran sa.

To wa ya faɗa?

Ya fara da matarsa Maimuna. Ita ce ta taɓa kama shi yana yi wa buhun gawayi sallama a zaure. Ya bari ta shiga wanka, ya ɗauki wayarta don ya binciki da wa take magana. Ya kai ta kusa da hanci, ya miƙar da hannu, ya karkata kai. Rubutun ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ya ajiye, amma ranar ko tuwonta bai yaba ba.

Sai ya koma kan Chinedu mai kemis, wanda ya sayar masa da maganin ɗigawa a ido. Da Haruna ya ce masa na kawunsa ne, Chinedu ya yi wani irin murmushi. Me ya sa ya yi murmushi? Haruna ya daina gaishe shi, ya canja hanyar masallaci.

Ya cire hotonsa daga WhatsApp. Ya fice daga zauren direbobin Hajiya ba sallama. Ya toshe lambar. Ana haka, wata lambar ta ɓullo, muryar nan dai: "Musamman ku masu tuƙi, kar a jira sai an yi karo."

Har sana'arsa an sani ke nan. Zancen ya wuce gida, ya wuce kemis. Mai tonon nan a tasha yake.

Washegari kuwa a tasha ya tarar da Ɗan'azumi, mai jan tsohon keken Hajiya mai hayaƙi, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan sabon da ke hannun Haruna. Yana kishingiɗe a kujerar baya, waya a kunne, yana ƙyaƙyata dariya. Da ya hango shi sai ya ɗaga murya.

"Malam Haruna, kai ma ka ji? Ya hazo?"

Tasha ta ɗauka da shewa. Haruna ya yi dariyar yaƙe. Ba sauran bincike. Abin da ya rage wa munafukin shi ne ya kai wa Hajiya, kuma in ya riga shi, sai ya ce makaho ne tuburan. Gara ta ji daga bakin mai idon, a gyare, da ɗan gishiri kaɗan.

Da la'asar ya nufi Tarauni. A bakin layin ya hangi wani keke mai ruwan ɗorawa a ajiye, zuciyarsa ta ba shi na Ɗan'azumi ne. Ya ƙara wuta.

Hajiya na zaune a tsakar gida tana tsinke zogale. Ya durƙusa, ko gaisuwar bai ƙarasa ba.

"Hajiya, duk abin da aka kawo miki an yi ƙari. Da rana garau nake gani, wallahi. Sai magariba ne kawai yake ɗan rufewa. Kuma akuyar nan da na buge ran nan, ita ta shigo. Mai baron ma bai ji ciwo ba."

Hannun Hajiya ya tsaya cak a kan zogalen. Sannan ta karkaɗe tafinta, ta miƙo.

"Makulli. Sai ranar da likita ya ce ka warke."

Ya zaro, ya ajiye mata a hannu. Ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, abin ya ƙi haɗiyuwa.

"Don girman Allah, Hajiya, Ɗan'azumi ne ya faɗa miki ko?"

"Wane Ɗan'azumi? Yanzun nan na ji a bakinka. Mufida ce, autata, ta buɗe shagon tabarau, ta kwashe lambobin wayata kaf tana tura musu talla. Har ni uwarta sai da ta ce min ranka ya daɗe, a daina ɓoyewa."