Adireshi Kawai Ya Riƙe

"Kai, wa ya koya maka aiki?" Oga ya daki teburin sabon injiniyan. Manhajar ta sake mutuwa, a gaban masu saye kuma.

"Manuni mai rauni a manhaja adireshin abu kawai ya sani, ba ya riƙe abin a ma'adanar kwamfuta. Kafin ka miƙa hannu sai ka duba, abin yana nan ko an share shi? Ko ɗan firamare ya san wannan!"

Oga ya ja tsaki. A ganinsa duk ofishin ƙwaƙwalwar kifi gare su.

Da aka tashi ya fesa turare, ya nufi gidan su budurwar da ya jingine shekara da shekaru, ba kira ba saƙo. Ina za ta? Wa zai kwasa in ba shi ba?

Ya ƙwanƙwasa. Sabon injiniyan ne ya buɗe, jariri a kafaɗa, ita kuma tana bayansa.

"Oga, lafiya? Gidan surukaina ne." Ya kalli tsarabar da ke hannun Oga, ya murmusa. "Au, ba ka duba ba ka miƙo hannu?"