Atamfa Mai Hoton Honarabul

A bakin bodar Jibiya motar Honarabul Mudathir ta sha gaban motar amarya. Yana kansilan Mazanya ya yi wa Safara'u alkawarin aure, da ya shiga majalisar tarayya sai ya daina ɗaga wayarta. Yau ga shi za a kai ta gidan mijinta a Maraɗi.

"Safara'u, ki sauko mu yi magana. Wallahi har yanzu ina sonki."

Ta daɗe tana kallonsa, zuciyarta na tafasa. Sannan ta zaro tsohuwar atamfar kamfen mai hotonsa, wadda ta sha yawon nema masa ƙuri'a da ita. Ta shimfiɗa ta kan taɓo, ta sauko, ta tsaya daidai kan fuskarsa.

"Na sauko, ranka shi daɗe. Ina jin ka."