Gemun Mai Ƙungiya

"Aske shi tas," in ji Kowalchuk, mai ƙungiyar hokin ƙanƙara ta garin, yana gyara zama a kujera.

Ran Wendell wanzami ya ɓaci. Wata biyu ke nan ba namijin da ya taɓa gemunsa, don ba a aski sai an gama wasannin neman kofi. Yau kuma wasan ƙarshe.

"Ashe da gaske ka sayar da mu, ranka ya daɗe? Kudu za a kai yaran, inda ƙanƙara sai a firji?"

"Aski na zo, tsoho, ba wa'azi ba."

To, bari gari ya ga fuskar maci amana. Wendell ya kwashe gemun, ko sili bai bari ba.

Da yamma aka ci su ɗaya mai ban haushi.

Washegari ya hango taron masu gemu tafe da sandunan wasa. Ya zari tasa ya fito. "Ku jira ni, na san gidansa!"

Suka ja birki a ƙofar shagonsa.

"Gidan wa?" in ji na gaba. "Shi attajiri ne, halinsa ya yi. Kai uban wa ya ce ka aske mana sa'a?"