Ranar da Albarushin Baba Tsoho Ya Jiƙe

Kakana, Baba Tsoho, ɗan bindiga ne tun yana saurayi. A zamaninsa ɓarayin shanu kauce wa ƙauyenmu suke yi don tsoronsa, can wajen Bagwai. Bindigar ta mahaifinsa ce, kuma babana ne zai gaje ta.

Wata la'asar ina zaune kusa da shi, yana shirin alwala, tandun albarushinsa a buɗe yana shan iska. Sai ga babana ya faɗo gidan yana huci. Maƙwabcinmu, Malam Idi, ya tuge gambar da ke kan iyakar gonarmu, ya ci mana kunya huɗu.

"Baba, ba ni bindigar nan."

"To, ɗauko ta a ɗaki," in ji tsohon.

Babana na juya baya, Baba Tsoho ya daidaita bakin buta, ya tsiyaye ruwan cikin tandun tas. Ina kallo, hannunsa ko motsi bai yi ba.

Da babana ya fito, sai hannun ya kama rawa.

"Ka ga aikin tsufa, Sule. Na jiƙa maka shi. Sai dai ka je wajen mai unguwa."

Warin jiƙaƙƙen albarushi ya cika tsakar gida. Da babana ya fita, tsohon ya dube ni ya ce, "Amaryata, ba ki ga komai ba."

Ban taɓa faɗa ba sai yau. Babana ya tsufa a ɗakinsa, ba a kurkuku ba. Jikan Malam Idi kuwa shi ne uban 'ya'yana.

Allah Ya jiƙan mai hannun nan.