Rubutun da Ke Ƙasan Hoto

Karo na uku ke nan a wata guda Rhona tana hawa tsani don duba eriyar gidan iyayenta. Sanyi ya sa yatsunta sun ƙage. Ta ƙara ɗaure abin da mai gyara ya riga ya ɗaure, ta sauko.

"Yanzu fa, Mama?"

"Da ɗan dama," in ji Elspeth daga kujerarta. "Amma tun da masu gidan talabijin suka sauya na'urorinsu ba mu sake samun hoton kirki a tsibirin nan ba."

Rhona ta leƙa. Hoton ya yi mata daidai, sai dai ta san yakan tsinke idan iska ta taso daga teku, kuma ba ta da ƙarfin gardama.

Duk Lahadi takan baro garin Kirkwall da ke babban tsibiri a jirgin fito na safe, bayan kwana shida tana tsaye a ɗakin girkin wani otal. Shekarunta hamsin da biyu, gwiwoyinta sun fara ƙorafi. Ta zo ta yi wanki, ta dafa abincin mako, ta jera magunguna, ta buɗe wasiƙun da uwarta ta tara a kan firji, ta koma da yamma.

Ubanta Magnus tsohon masunci ne. Shekara huɗu ke nan da ciwon sukari ya cinye masa idanu. Jami'ar kula da tsofaffi ta faɗa musu ƙarara cewa za a bar su a gidansu muddin Elspeth na iya kula da murhu da matakala da allurarsa. In ba haka ba sai gidan tsofaffi a babban tsibiri, kuma ba lallai a ɗaki ɗaya ba. Ranar Talata jami'ar za ta sake zuwa, Rhona ce za ta sa hannu cewa komai lafiya.

Abu ɗaya ya rage wa tsofaffin na jin daɗi, wani wasan 'yan sanda na ƙasar Denmark da ake maimaitawa ƙarfe huɗu na Lahadi. Ba mai jin yaren a cikinsu. Elspeth ke karanta fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoto da ƙarfi, Magnus ya jingina yana sauraro, har muryarta ta dishe.

Tausayin muryar ne ya sa Rhona ta kawo musu faifan wasan da Amurkawa suka sake yi da Turanci. Kashi biyu Magnus ya saurara ya ce a kashe.

"Sun lalata shi," ya ce. "Ina uwar sufeton, mai kiwon agwagi? Ina limamin cocin nan mashayi? Duk sun zubar da su, sai harbe-harbe."

"Baba, a wurin aikinmu an ce kusan babu abin da suka canza."

"To 'yan wurin aikinku su ci gaba da feraye dankali. Ni a bar ni da na uwarki."

"Da na Denmark dai, tsoho," in ji Elspeth. "Ni 'yar aike ce."

Tun daga ranar faifan yake cikin aljihun tebur, tare da saƙar da Elspeth ta ajiye tun bara don ta ce yatsunta na ciwo.

Ƙarfe huɗu ya yi. Rhona ta saba a wannan lokacin tana kicin, muryar uwarta kawai take jiyowa ta bango. Yau bayanta ya riƙe. Ta rage wutar miya, ta shigo falo, ta jawo kujera.

"Kada ki matsar min da kaya," in ji Elspeth da sauri. "Kome yana da wurinsa."

Rhona ta mayar da kujerar, ta zauna a ƙasa bayan uwarta, ta lumshe ido.

Muryar ta fara, tsaf, babu gargada. Idan namiji ya yi magana Elspeth ta kaurara ta, idan mace ce ta sassauta. Sufeton ya je gidan matar mutumin da aka kashe. Matar ta ce shekara arba'in tana ɓoye wa mijinta abu ɗaya, ba don mugunta ba, don kada a raba su.

"Ai na faɗa miki," in ji Magnus yana buga hannun kujera. "Matar nan ba ita ta kashe shi ba."

Rhona ta yi murmushi, ta buɗe ido don ta ga fuskar matar.

Babu wata matar mamaci a hoton. 'Yan sanda biyu ne a mota, namiji da mace. Rubutun da ke ƙasa ya ce, "Ka sayo mai kafin mu fito?"

"Me ya sa ba ki gaya wa 'yarki ba?" in ji Elspeth da muryar namiji.

Rubutun ya sauya. "Na manta. Tsaya a gidan mai na gaba."

"Ta gaji," in ji Elspeth a hankali. "Kayan da ke kanta sun isa."

Rhona ta miƙe ba tare da ta yi motsi mai ƙara ba. Ta taka a kan kafet, ta zagaya teburin, ta tsaya a gaban talabijin, ta rufe hoton duka da jikinta.

Elspeth ta ci gaba da karatu, idanunta a buɗe, a kan 'yarta, ba ta ko san akwai mutum a gabanta ba.