Gidan Su Hinda

"Ajiye wuƙar nan, Milda."

"Ta shafa man shanu ce fa, tsoho! Ko tumatir ba ta yankawa."

"To ƙofar maƙwabciyarmu Brone ce za ta yanka? Na ce ki ajiye."

Milda ba ta ajiye ba. Tun safe suke wannan ja-in-ja da kakanta Alfonsas. Shayinsa ya huce, dankalinta ya sandare a faranti, ga shi gobe Lahadi.

Gobe ake cika shekara sittin da ranar da sojojin Jamus, da 'yan garin da suka taya su, suka tasa Yahudawan ƙauyen a gaba zuwa dajin bayan tafki. Mutum ɗari biyu da goma sha ɗaya. Ba wanda ya dawo. Malama Aldona ta ba kowane ɗan aji suna guda, ta ce ya nemo gidan da mai sunan ya zauna, ya tsinci dutse a ƙofar gidan, ya kai kan kabarin da ke daji. Su Yahudawa ba fure suke ajiye wa mamatansu ba, dutse ne.

Kowa ya samu nasa. Har Vitas, wanda ko takalminsa ba ya iya nemowa da safe. Milda kaɗai ta rage da takarda a aljihu: Hinda Gurvich, 'yar tela, shekara goma sha huɗu. Sa'arta ce cif.

Ba wai ba ta nema ba. Bara in ta tashi karatu a aji sai an yi dariya, amma bana ta cinye rabin littattafan laburaren ƙauyen, har mai gadin wurin ya fara ɓoye mata makulli. A can ta tono wasiƙar da wani ɗan uwan su Hinda ya taɓa aikowa daga Afirka ta Kudu. Ya ce abin da yake tunawa kawai, akwai bishiyar tuffa a tsakar gidan, kuma daga tagar kicin ana hango hasumiyar coci.

A wani littafin kuma ta karanta yadda ake gane gidajensu. A katakon gefen ƙofa, hannun dama, daidai kafaɗa, sukan sassaƙa ɗan gurbi a karkace, tsawon yatsa, su sa ayoyin Attaura a ciki. Ko an cire ayoyin, gurbin yana nan.

To wa ke da tsohuwar bishiyar tuffa a layin nan? Brone. Wa ke da fenti a ƙofa mai kaurin ɓawon burodi? Brone. Wa ke korar yara da tsintsiya in sun leƙa shingenta? Ai magana ta ƙare.

"Fentin ƙofarta zan ɗan kankare kawai in ga gurbin," in ji Milda. "Tana coci ma yanzu."

"Sannu, 'yar sandan ciki. Hasumiyar cocin nan ko daga bayan gida ana hango ta."

"To ka gaya min kai mana! A garin nan aka haife ka."

"Shekarata goma lokacin. A bayan gari muke, cikin bukka. Ban san gidan kowa ba."

Haka yake faɗa kullum, yana kallon cokalinsa. Tsohon nan yana sane da ranar da kowace amyar zumarsa ta fara cika, yana sane da wanda ya ari zartonsa tun kafin a haifi mamarta, amma wai ya manta layi guda na mutane.

Shi dai a bar shi da dokokinsa. Ba a yin fito da baki a cikin ɗaki. Ba a zama kan kututturen tsakar gida da yake fasa itace a kai. Ba a buga ƙofa, wannan kam ko mamarta ba ta isa ba. Duk bazara sai ya narka kakin zuma, ya tsaya a bakin ƙofa da ɗan buroshinsa yana lallaɓa ta da koren fenti kamar mai yi wa amarya kwalliya. Ƙofar Brone ce dai ba za a taɓa ba, tasa kuma sai ka ce jaririya.

"Ko dai tsohuwar budurwarka ce, shi ya sa kake kare ta?"

"Ke, kiyaye ni. Ɗauki kowane dutse a hanya, wa zai sani?"

"Ni zan sani! Kowa zai kai wa nasa dutsen ƙofar gidansu, ita a kai mata na kwata?"

Tsohon ya ture kofinsa. "Hinda ba ta da rawar kai irin taki."

Milda ta tsaya cak. "Ka ce ba ka san ta ba."

"Ba sai na san ta ba. Duk duniya an fi ki natsuwa."

Nan fa ranta ya gama ɓaci. Ta cusa wuƙar a aljihun riga, ta fizgi gyalenta.

"Zauna da zumarka! In Brone ta kama ni, ka ce ba ka san ni ba, tunda ka iya."

"Milda, a hankali da ƙo..."

Gam! Ta bugo ƙofar, sai da kofuna suka yi kuka a kan kantar kicin.

Ta tsallake kututturen nan na tsakar gidansu, ragowar wata tsohuwar bishiyar tuffa, ta miƙe gidan Brone ko waiwaye babu. Shi ya sa ba ta ga dunƙulen kakin zuma mai koren fenti da ya faɗo daga katakon ƙofarsu ba, hannun dama, daidai kafaɗa, ya bar ɗan gurbi a karkace, tsawon yatsa.